Tsofaffin Gine-ginen Ƙasa da Unguwannin Cikin Birni: A Gyara ko a Rushe? Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, sai an ji katanga ta faɗi a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ko Damagaram. Daga nan gardama ta tashi: wasu su ce a rushe tsofaffin gidajen nan kowa ya huta, wasu su ce tarihi ne, kada a taɓa. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu gidaje da magada da masu unguwanni suka fi yi, amsoshin kuma ta fuskar aikin gini aka ba da su.

Ga bulo ga siminti, mene ne amfanin riƙe tsohon gidan ƙasa?

Amfani na farko jiki ne ke jin sa. Katangar ƙasa mai kaurin santimita 50 ko 60 ba ta barin zafin rana ya ratsa ta nan take. Tana shan zafin a hankali, sai bayan sa'o'i ta sake shi, lokacin da gari ya riga ya yi sanyi. Shi ya sa mutum zai shiga soro da azahar a watan Afrilu ya ji kamar ya shiga randa, ya koma ɗakin bulo mai rufin kwano ya kasa zama. Da hunturu kuma soron nan ne mai ɗumi. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Na biyu, tsarin gidan. Zaure a bakin hanya inda maigida ke karɓar baƙi, ƙofar gida, shigifa, sannan cikin gida inda mata ke harkokinsu ba idon bare. An tsara shi ne a kan yadda Bahaushe ke zama da iyalinsa. Yawancin gidajen da ake ginawa a gurbinsu shaguna ne a gaba, ɗakunan haya a baya, ba tsakar gida, ba inuwa.

Na uku, ilimi. Yadda ake ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, da azara har ya ɗauki rufin ɗaki mai faɗin mita 6 ko fiye, babu rodi ko ɗaya, ba a makaranta ake koyar da shi ba. A jikin gini yake, da hannun magina. In ginin ya tafi, abin da ɗan koyo zai duba ya tafi.

Wato kowane tsohon gini sai a bar shi ke nan?

A'a. Tsufa kaɗai ba daraja ba ce. Akwai gidajen ƙasa da tun farko ba a yi musu aikin kirki ba, akwai waɗanda danshi ya cinye gindinsu har gyaran ya zama sabon gini. Irin waɗannan a sauke su kafin su faɗa wa mutane.

Abin da ake dubawa shi ne: shin ginin yana ɗauke da aikin da ba a iya samun irinsa yanzu, kamar ɗaurin guga, wato rufin da ake ɗorawa a kan bakan gizo masu gitta juna, ko zanen bango na asali, ko ƙofar katako mai ƙusoshin maƙera? Shin wani abu na tarihin garin ya faru a cikinsa, ko makarantar wani malami ce, ko gidan wata sarauta ko sana'a? Shin yana cikin jerin gidajen da in an cire ɗaya fuskar layin duka ta lalace? Sannan, shin gindinsa da azararsa suna da sauran ƙarfi? Ginin da ya amsa biyu daga cikin ukun farko, ya kuma amsa na ƙarshe, asara ce a rushe shi.

Wani lokaci ma ba gidan duka ba. Zauren kawai za a riƙe, a sabunta ɗakunan ciki. Gidaje da yawa a cikin birni haka aka yi musu, kuma dabara ce mai kyau, domin a zaure magini ya fi zuba gwanintarsa.

Me ya fi kashe ginin ƙasa?

Ruwa, ta sama da ta ƙasa. Saura duk biyo baya suke yi.

Ta sama, matsalar daga indararo take farawa. Rufin soro ba a shimfiɗe yake sak ba, an ɗan karkata shi zuwa bakin indararo. Idan leda ko ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe bakin, ruwa ya kwanta a kan rufin, ya nemi ƙaramar tsaga ya bi. Ƙasar da ke kan azara ta jiƙe ta yi nauyi, kan azarar da ke cikin katanga ya fara ruɓewa. Idan kuma indararon gajere ne, ko ya karye, ruwan ya riƙa bin jikin bango yana sassaƙe shi har ya yi kwari. Indararo ya kamata ya fito daga bango aƙalla rabin mita, kuma a sa dutse ko a yi daɓe a inda ruwan ke sauka don kada ya fantsamo wa gindin gini.

Ta ƙasa ya fi muni domin ba a ganinsa da wuri. Kwatar da ke bin gindin katanga, famfon da ke ɗiga, makewayin da aka jingina da bango, duk suna jiƙa tushe. Danshin ya riƙa hawa, yana ɗauke da gishirin ƙasa. Inda ya bushe, gishirin ya fito fari-fari, ƙasar ta zama gari tana zuba. A hankali gindin katangar ya zaizaye ya sirance, sama kuwa nauyinta na nan. Katangar da aka ce ta faɗi dare ɗaya, yawanci shekaru ta yi ana cin gindinta.

Akwai wani abu da ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Idan aka zo gyaran lungu aka zuba ƙasa aka shimfiɗa siminti ko intalok, hanyar takan ɗaga ta fi daɓen gidaje tudu. Ruwan da a da yake fita daga gida, yanzu shiga yake yi. Haka nan cike kududdufai. Kududdufan cikin birnin Kano ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, kuma su ne ke shanye ruwan unguwa da damina. Da aka cike da yawansu aka yi gini a kai, ruwan bai fasa zuwa ba, gindin katangun mutane ya koma.

Sai gara. Azarar giginya mai kyau, wadda aka tsaga daga ɓangaren waje na tsohuwar bishiya, gara ba ta cika cin ta ba. Abin da take ci shi ne asabari da zana da ke shimfiɗe a kan azarar, da katakon banza da aka cusa wajen gyara. Gara kuma danshi take bi, don haka maganar ta sake komawa kan ruwa.

Na ƙarshe, rufe gida. Ɗakin da ba mai kwana a ciki ba mai ganin ɗigon farko. Gidan ƙasa da aka kulle damina uku a jere, da wuya a same shi yadda aka bar shi.

In na yi wa bangon filasta da siminti ba shi ke nan na huta da yaɓe ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma ita ce kuskuren da ya fi cin gidaje. Siminti da ƙasa ba sa zama lafiya. Ƙasa tana shan danshi tana saki, tana ɗan kumbura tana komawa. Siminti a sandare yake. Bayan shekara biyu ko uku filastar ta rabu da bangon ta bar rata a tsakani, ta tsattsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, amma ba shi da hanyar fita, domin simintin ya hana bangon bushewa. Daga waje gida na sheƙi, a ciki katanga ta zama kunu. Ka ƙwanƙwasa filastar da ɗan yatsa: in ka ji tana ƙara kamar ganga, ta riga ta saki.

Dabarar kafa ƙusoshi da wayar kaji kafin a yi filastar tana jinkirta faɗuwar ɓawon ne kawai, ba ta hana ruɓar ciki. Haka zagaye gindin katanga da siminti zuwa gwiwa: danshin sai ya haura ya fito daga saman simintin, ya ci bangon a can.

Idan an riga an yi, kada a ɓamɓare duka rana ɗaya. A cire da rani, kashi-kashi, a fara da inda ya saki, a bar bangon ya sha iska makonni, a cike ramuka da ƙasa irin tasa, sannan a yaɓe. Fentin mai shi ma toshe bango yake yi. Farar ƙasa ita ce ta dace, domin tana barin danshi ya fita.

To da me magabata ke tsare bango daga ruwa?

Da makuba da laso.

Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Ana daka ɓawon a jiƙa shi har ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, ko a yayyafa a shafe bangon bayan an yaɓe. Ita ce ke ba tsofaffin katangu launin nan mai duhu. Tana da sauƙi, amma tana son sabuntawa bayan damina ɗaya ko biyu. Wajen daɓe kuma akan yi amfani da ruwan bagaruwa.

Laso ya fi ƙarfi, shi ake sa wa rufi da rawani, wato gefen saman bango, da zankwaye, wuraren da ruwa ya fi duka. Abubuwa uku ake haɗawa: katsi, wato laka da ke taruwa a ƙasan karofin rini, a busar a ƙone a daka ta zama gari, gashin jima, wato gashin akuya da maiƙon da majema ke kankarewa daga fata, da ruwan dafara, saiwar wata kurangar daji da ake dakawa a jiƙa ta yi yauƙi. Ana kwaɓawa ana juyawa kullum har kwanaki kafin a shafa. Laso mai kyau yakan kai shekara biyar.

A lura da abin da wannan haɗin ke nunawa. Magini yana buƙatar marini, yana buƙatar majemi. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, da majemar da ke kusa da ita, ba abin nuna wa baƙi kawai ba ne, can ne kayan laso ke fitowa. Inda karofi ya mutu, katsi ya yi wuya, sai mai gida ya koma wa siminti ba don ya fi so ba.

Wane aiki ake yi wa gidan kowace shekara, kuma yaushe?

Bayan ɗaukewar ruwa, a watan Oktoba ko Nuwamba, a zagaya gidan ciki da waje a ga ɓarnar damina: inda yaɓe ya zube, inda rufi ya yi tabo daga ciki, inda gindi ya zaizaye. Babban gyara da rani ake yi, daga Disamba zuwa Maris, don ƙasa ta samu bushewa. Sai kuma a watan Afrilu ko farkon Mayu a hau rufi a share, a buɗe indararo, a toshe tsaga. Bayan ruwan farko mai ƙarfi a sake hawa a ga inda ya kwanta.

Ƙasar gyara ba a kwaɓa ta yau a yi aiki da ita yau. Ana jiƙa ta, a tattake, a zuba yankakkiyar ciyawa, wasu su ƙara kashin doki, a rufe a bar ta ta kwana da yawa tana ruɓa, ana sake tattakewa. Ciyawar ce ke hana ta tsagewa in ta bushe. Kafin a yaɓe, a kankare duk abin da ya saki, a yayyafa wa bangon ruwa, a jefa ƙasar da ƙarfi don ta kama. A yi ta siriri-siriri, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Yaɓe mai kauri da aka yi lokaci ɗaya nauyinsa ne ke ɓamɓaro shi.

Idan gindi ya rarake, ba a cika shi da taɓo kawai. Ana saka tubali ne busasshe, wanda ya yi kamar mako biyu a rana, a gyara tsawon da bai wuce mita ɗaya ba, a tsallake, a gyara wani, sai ya bushe a dawo wa na tsakiya. Wanda ya rarake gindin katanga duka don ya gyara, shi ya kayar da ita.

Wani kuskure da ake yi a rufi: kowace shekara a ƙara ƙasa ba a cire tsohuwa ba. Ƙasa mai kaurin santimita 5 a kan ɗaki mai mita 4 kowane gefe ta haura tan ɗaya, tun ba ta jiƙe ba. A yi haka sau huɗu, azarar da aka sa don nauyin farko ta lanƙwasa.

Yaya zan gane tsagar da ke da haɗari?

Ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo a fuskar yaɓe ba komai ba ne, shafe su ake yi. Waɗanda ake tsoro su ne tsagar da ta ratsa katanga har ana ganinta ciki da waje, da wadda ta raba kusurwa inda bango biyu suka haɗu, da wadda ta fi faɗi a sama, da wadda ta bi ƙafar bakan gizo. A ja layi da fensir a ƙarshen tsagar a rubuta kwanan wata, a auna faɗinta, a dawo bayan mako. Tsagar da ke tafiya ba ta jiran rani.

Karkata kuma da igiya da ɗan dutse ake gane ta. A tuna katangar ƙasa dama tana sirancewa zuwa sama, don haka a auna fuska biyu. In fuska ɗaya ta rinjayo waje, har katanga mai kaurin santimita 60 ta fita da kamar santimita 10, a kwashe mutane a tokare ta. Ƙasa na zubowa daga rufi da dare, ƙofar da ta fara cijewa, azarar da ke ƙara, duk saƙo ne.

Ba wasa a wannan. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, kuma rahotanni sun ce an lura da tsaga kafin ranar. Wannan masallaci ne da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen 1830 da wani abu, wanda masana gini ke ɗauka a matsayin ƙololuwar aikin bakan gizo a ƙasar Hausa. A Satumban 2024 kuma ruwa ya kayar da tsohon masallacin Damagaram da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Ginin da jama'a ke taruwa a cikinsa, da zarar an ga tsaga mai tafiya, rufe shi ake yi a ranar.

In sauke rufin ƙasa in sa kwano?

Kwano ya ceci katangu da yawa, ba a musun wannan. Amma in ɗakin yana da ɗaurin guga ko jeren azara mai kyau, sauke shi zubar da mafi darajar abin da ke gidan ne, kuma sanyin ɗakin zai tafi tare da shi. Hanya ta tsakiya ita ce a ɗora kwanon a saman rufin ƙasar, a bar rata don iska, a bar ƙofar da mutum zai shiga ya duba, a kuma fito da bakin kwanon kamar santimita 60 don ruwa ya sauka nesa da bango. Fuskar gidan za ta canja, zankwaye za su ɓuya, wannan farashinsa ke nan.

In azara ɗaya ko biyu ce ta ruɓe, ana tokare rufin a zare ta a sa wata. Azara ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tazarar ta kai mita 2, shi ya sa magina ke fito da tauyi, wato guntayen azara, daga bango don rage tazarar. Duk wanda ya sare tauyi ko ginshiƙi don ya faɗaɗa ɗaki, ya taɓa abin da ke riƙe da rufin.

Wanne ya fi araha, gyara ko sabon gini?

Gidan da ake bi duk shekara, gyaransa kuɗin ƙasa ne da na magini na 'yan kwanaki, bai kama ƙafar kuɗin siminti da rodi da kwashe ɓaraguzai ba. Gidan da aka yi shekara goma ba a taɓa ba, gyaransa na iya kai sabon gini. Bambancin shi ne ginin bulo kuɗinsa a dunƙule ake biya, na ƙasa kuwa kaɗan-kaɗan har abada. Mai gidan da ba zai iya wannan bibiyar ba, ko ba ya zaune a garin kuma ba wanda zai wakilta, gara ya san haka tun wuri.

Za a iya sa famfo da banɗaki na zamani da wuta?

Ana iyawa, kuma dole ne, domin ba wanda zai zauna a gidan da ba su. Ƙa'idar ita ce ruwa ya yi nesa da ƙasa. A gina banɗaki da bulo a matsayin ɗaki mai zaman kansa, da 'yar rata tsakaninsa da tsohon bango. Kada a binne bututun ruwa a cikin katangar ƙasa, a bi da shi a fili inda za a ga ɗigo. Ramin sokawe ya yi nesa da tushe gwargwadon yadda fili ya bari. Wayar wuta a sa ta cikin bututun roba a bi saman bango, kada a sassaƙe zane don a ɓoye ta. Sabuwar taga kuma ƙarama, nesa da kusurwa da ƙafar bakan gizo.

Badala fa, wato ganuwar gari? Yaƙi ya ƙare, me za a yi da tulin ƙasa?

Ganuwar Kano an fara ta ne zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17. Kowane faɗaɗawa shaida ce ta yadda garin ya girma, kuma sunayen ƙofofin, Nasarawa, Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Dukawuya, Kabuga, Kansakali, Waika, Mazugal, Wambai, har yau da su ake kwatance.

Mayar da ita duka yadda take ba mai yiwuwa ba ne, wurare da yawa an ɗebe ƙasarta an yi gini a kai. Abin da zai yiwu shi ne a shata iyakar abin da ya rage, a hana ɗiban ƙasa da zuba shara da yanka filaye, a zaɓi wasu sassa kusa da ƙofofi a riƙa yi musu yaɓe. Ko ba don tarihi ba, badala da ramin da ke bayanta fili ne na iska da hanyar ruwa a garin da ya cushe. Ƙofar da aka rushe aka sake ginawa da kankare, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa bayan an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, ta riƙe sunan wurin, amma ba ita ba ce. Inda fili ya bari, titi na iya bi ta gefen tsohuwar ƙofa a bar ta tsaye.

Lungunan cikin birni motar asibiti ko ta kashe gobara ba ta shiga. Wannan ba hujjar rushewa ba ce?

Hujja ce mai ƙarfi, kuma wanda bai taɓa ɗauko mara lafiya a kafaɗa daga lungu zuwa titi ba bai kamata ya yi saurin watsar da ita ba. Sai dai ba sai an share unguwa ba. Ana iya buɗe hanyoyi ƙalilan da mota za ta kai tsakiyar unguwa, a bi ta kangwaye da kududdufan da aka cike, a biya diyya ta gaskiya, a bar sauran lungunan. Ƙuncin lungu shi ke ba shi inuwa yini guda.

Abin da ake asara in an tashi unguwa ba katangu ba ne kawai. Unguwannin Kano irin su Soron Ɗinki da Yakasai da Ɗandalin Turawa da Alfindiki da Zangon Barebari sunayensu na faɗin su wane ne suka zauna, me suke yi. Makarantar allo, masallacin unguwa, maƙwabcin da ya san kakanka, ba a kwashe su a mota a kai sabuwar unguwa.

Gidan gado ne, magada sun yi yawa, kowa na son kasonsa. Ina mafita?

Nan ne yawancin manyan gidaje ke mutuwa. Ba wanda zai kashe kuɗinsa a kan abin da bai san rabonsa ba, sai gida ya zauna ba mai shi. Jinkirta rabo shi ne mafi muni. A yi wa gidan kuɗi, wanda ke da hali ko masu zama a ciki su biya sauran. In za a raba da katanga, a bi layin ɗakuna, kada a tsaga soro biyu, kuma a rubuta wanda ke da alhakin kowane indararo da bangon tarayya. Wasu iyalai sukan amince su bar zaure ko ɗakin karatun kakansu a matsayin wakafi, a ware hayar shago ɗaya don gyaransa. A yi wannan a rubuce gaban alƙali da shaidu.

Gwamnati ko UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba sa ɗaukar nauyin gyara?

A Nijeriya hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke da alhakin gine-ginen da aka ayyana, irin su Gidan Makama da ke Kano da ganuwar birnin da hasumiyar Gobarau a Katsina. Ginin da aka ayyana ba a rushe shi ko a canja shi sai da izininta. Gidan talaka da ba ya cikin jerin, nauyinsa na kan mai shi.

Ita UNESCO martaba take bayarwa da sa ido, ba ita ke yaɓe ba. Ganuwar Kano tana jerin masu jiran shiga cikin wuraren tarihi na duniya na hukumar tun 2007. Tsohon garin Agadas ya shiga cikakken jerin a 2013, da unguwanninsa 11 da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27. Jenne ta ƙasar Mali ta shiga tun 1988, amma abin da ya riƙe babban masallacinta shi ne mutanen garin da ke fitowa kowace shekara su yaɓe shi. A can ɗin ma mazauna sun sha kokawa kan ƙa'idojin da ke hana su sabunta gidajensu. Dokar da ta ce kada ka taɓa, ba ta kuma taimaka maka ka gyara ba, kango take haifarwa.

Abin da ya fi aiki shi ne a ba gini abin yi. Gidan Makama gidan tarihi ne yanzu, haka ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, Gidan Ɗan Hausa kuma yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano.

Har yanzu akwai maginan da suka iya wannan aiki?

Akwai, amma gwanayen bakan gizo sun yi ƙaranci kuma yawancinsu dattawa ne. A tambaya ta gidan Sarkin Magina ko ta masu gyaran fada, a kuma je a ga aikin mutum da ya ci damina uku kafin a ba shi. A Nijar sana'ar ta fi rai: masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ga babban gini, a haɗa gwani da injiniyan da ya san ƙasa. Injiniyan da kankare kaɗai ya sani zai ce a zuba bim, wato dogon ɗauri na kankare da rodi, a kan katangar, nauyi da taurinsa kuma su tsaga ta.

In rushewar ta zama dole, me ya kamata a yi kafin a sa diga?

A ɗauki hoton kowace fuska da kowane ɗaki, har da rufi daga ciki, a tsayar da sanda mai tsawon mita ɗaya a jikin bango don a san girma. A auna a zana taswirar gidan, ko da biro ne a takardar makaranta. A zauna da tsofaffin gidan a naɗi muryarsu: wa ya gina, wane magini, wa ya zauna a wane ɗaki. Wannan irin aikin ne Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya yi wa masallacin Zariya, har aka iya gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Sannan a sauke da hannu daga sama, ba da katafila ba. Azara mai lafiya a jere ta a inuwa a kan duwatsu, ana sake aiki da ita, kuma yanzu tsada gare ta domin giginya ta ja baya. Ƙofofi da ƙyamare da takardun da ke cikin alkuki a fitar da su tun farko. Ƙasar tsohon bangon, ban da ta gindi mai gishiri, ta fi sabuwa kyau wajen gyara, a ba maƙwabcin da ke da niyyar yaɓe. In akwai bangon tarayya, a tokare shi a yaɓe fuskar da ta buɗe kafin ruwan farko.